Ƙafar Warda ta Takwas

Sa'alaba, Jidda
9 ga Rajab

Zuwa ga autana Mus'ab,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ka fara sabawa da ruwan Haɗeja, cikin ya daina murɗa maka. Ka gaishe min da Baffanka Mahmudu da iyalinsa, ka ce na gode da riƙon da yake maka, Allah Ya saka masa da alheri.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Sau uku ina danna jawwal zan yi maka magana, sau ukun muryata na karyewa tun ban gama sallama ba, har yayarka Mansura ta ce ta gaji da gogewa. Shi ne na ɗauko biro. Bokon da na yi zuwa aji huɗu, kafin marigayi mahaifinku ya kawo ni garin nan, bai gudu duka ba. Ni in rubuta, ita ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Kai ma ka amsa da Hausa, tunda yanzu cikinta kake kwana kake tashi.

Yau kwana arba'in da uku ke nan da aka tsare ka a hanyar Abhur da matacciyar iƙama, takardar zama. Ranar da ka kira ni daga tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, na zaci za ka ce in kula da gwiwata. Abin da ka ce shi ne, "Ummi, ki riƙe min Warda har in dawo." Na ce to, don a ranar ba ni da bakin cewa a'a.

To ga ni da Warda. Shekara tara ina roƙonka ka fitar da abar nan daga gidana. Samarin mutane na kiwon tattabaru, kai ka je ka kwaso gizo-gizo mai girman tafin hannuna, mai gashi jaja-jaja, ka zuba shi a akwatin gilashi, har da raɗa masa sunan fure. Shekara talatin ina wankan gawar mata a magsalar masallacin unguwa, ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi ba. Amma in na buɗe ɗakinka na ga abar nan ta ɗaga ƙafa ɗaya, sai in ja ƙofar in koma da baya.

Sai ka faɗa min yadda ake yi da ita. Na buge kyankyaso a kicin na jefa mata, ko kallonsa ba ta yi ba. Kwana biyu tana kusurwa ɗaya, ko gezau. Ni na san akuya in ba ta da lafiya, na san kaza, amma wannan ta ina ake gane ta? Ba ta kuka, ba ta rama, fuskarta ma ban san inda take ba.

Gida shiru. Na dafa shinkafa gwangwani biyu saboda sabo, ta kwana uku ina ɗumame. Na gaji, Auta, ba wai wani aiki nake yi ba, gajiya ce kawai da ta zauna min a ƙashi.

Allah Ya tsare min kai, Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Saudatu

*

Haɗeja
14 ga Rajab

Ummi habibti,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina sumbatar kanki. Ki yi haƙuri da Hausata. A nan in na buɗe baki yara da manya dariya suke yi, wai ga ɗan Takari. A Jidda ni baƙo, a nan ma baƙo, ya'ni ban san ina ne ba ni ba baƙo ba. Amma Baffa yana da kirki. Ya ba ni motarsa ta kifi ina tuƙawa zuwa Kano. Daga aikin villa a Abhur zuwa warin busasshen kifi, alhamdulillah ala kulli hal.

Ummi, don Allah fitar da kyankyason nan yanzu yanzu. Na gida suna cin maganin feshi, zai kashe ta. Abokina Turki, wanda muka yi makaranta tare, dogon nan mai son kunun gyaɗarki, zai riƙa kawo miki gyare daga shagon dabbobi. Ɗaya a sati ya isa, biyu in ta yi zari. Ki ɗauka da dogon matsefatan da ke kan tebur ki saka, ba da hannu ba. In ya kwana ba ta ci ba, ki cire shi. Murfin kwalbar da ke ciki kwanon ruwanta ne, kullum ya zama da ruwa. Mukayyif ɗin ɗakin, na'urar sanyin, ki bar shi a kan ashirin da biyar, ba ta son zafin Jidda, ba ta son sanyi kuma.

Zaman da take yi wuri ɗaya ba ciwo ba ne, haka halinta yake. Irinta ana ce musu tarantula, macen tana kai shekara ashirin ko fiye. Ba ta da faɗa. In ranta ya ɓaci tana karkaɗo gashin bayanta da ƙafa, yana ƙaiƙayi sosai, don haka kada ki kai fuska kusa.

Abu mai wuya shi ne wannan, ki yafe min. Bakhur. Hayaƙin turaren wuta yana cutar da ita. Na san gidanki da turare, amma ɗakin nan ba hayaƙi, ba feshi, abadan.

Akwai wani abu kuma da take yi sau ɗaya a shekara ko biyu. Ba zan cika miki kai da shi yanzu ba, lokacinsa bai yi ba. In ya matso zan faɗa miki.

Maganar dawowa, sun ce shekara uku. Kamar gobe ne in sha Allah. Ki sha maganin gwiwa, ki rage hawa da sauka. Ki gaida Yaya Mansura da mijinta Yaya Nuraddeen da yara.

Ɗanki,
Mus'ab

*

Sa'alaba
20 ga Zulƙida

Autana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar hanya, da fatan motar kifi ba ta karya maka baya ba. Mun sha ruwa lafiya, mun yi ƙaramar Sallah, ga babba ta ƙarato. Na yi shiru da takarda ne saboda muna gaisawa a jawwal, kuma babu abin faɗa. Yanzu akwai.

Bari in fara da abin da ka jawo min. Gidan Saudatu babu turare! Na ɗauke kaskon gaba ɗaya, don hayaƙi ba ya tambayar ƙofar wa zai shiga. Latifatu maƙwabciyata ta shigo ran Juma'a ta shinshina falo, ta ce, "Khala, lafiya kuwa? Ko wani abu ya faru?" Na ce asma. Dubi tsufana, ina ƙarya saboda gizo-gizo.

Watan jiya kuma haris mai gadi ya manna takarda wai za a yi wa ginin feshin kyankyasai. Mansura na wurin aiki, Turki na Makka. Na naɗe akwatin da zane, na rungume shi, na sauko hawa uku ina hutawa a kowane bene, na tsallaka titi zuwa gidan Latifatu. Ta ɗaga zanen tana zaton kifin ado ne. Ihun da ta yi, mai baƙala na ƙarshen layi sai da ya leƙo daga kantinsa. A tsakar gidanta muka yini ni da abar, a inuwar tanki, ina yi mata fifita da kwali. Gwiwata ta yi kwana huɗu ba ta yafe min ba.

To ga abin da ya sa na ɗauko biro. Sati bakwai ke nan ba ta ci komai ba. In na saka gyare sai ta juya masa baya, ko ta ture shi da ƙafa. Na sauya gyaren, na sa Turki ya sauya shago, duk ɗaya. Gashin bayanta ya zube wuri guda ya yi sanƙo, sanƙon da farko fari-fari ne, yanzu ya yi baƙi yana sheƙi. Tafiyarta ta yi nauyi. Shekaranjiya kuma na tarar ta shimfiɗa saƙa a ƙasa, fara fat, kamar mai gyara wurin kwanciya. Ni na san me ake nufi in mara lafiya ya daina ci ya fara gyara shimfiɗa.

Ko warin feshin ne ya biyo mu? Ko yinin da ta yi a zafi? Na yi ta juya abin a raina har abinci ya daina min daɗi.

Ba zan ɓoye maka ba, na ɗaura raina a kan abar nan. Ba sonta nake yi ba, kada ka yi dariya. Amma duk safiya in na leƙa na gan ta da rai, sai in ji maganarka tana nan daram, wadda ka ce har in dawo. Saura shekara biyu da wata shida da 'yan kwanaki. Ina tsoron in ta mutu a hannuna, Auta. Ina tsoro ƙwarai.

Ka amsa min da wuri. Allah Ya yi albarka.

Mahaifiyarka

*

Madain Fahd
21 ga Zulƙida

Mus'ab,

Salam. Ya kake, ya kifi. Wannan tawa ce, Ummi ba ta san na rubuta ba, kuma ba gaisuwa ta kawo ni ba.

Na tura maka takardarta jiya, na san ka karanta. Ka ga ƙirgen da take yi? Akwai kalanda a bayan ƙofar kicin, duk asuba sai ta soke rana ɗaya da biro. Ni ban yarda da shekara ukun nan ba tun farko, na san muryarka in kana kwana-kwana. Na sa Nuraddeen ya je wajen mu'aƙƙib, mai bin takardu, ya duba sunanka. An ɗauki basmarka, zanen yatsunka, ya akhi, kuma hanin da ke kanka ba shi da wa'adi. Ka sani tun kana tarhil, sa hannu ka yi a takardar. Leish? Me ya sa ka ce mata uku?

Ka san halin da ake ciki kuwa? Mace mai shekara sittin da takwas, ita kaɗai a hawa na uku, ba lif. Wata biyar ina roƙonta ta dawo wajenmu, ɗaki na nan a ƙasa mun gyara mata. Ta yi kememe. Wai wa zai tsare ɗakinka, wa zai duba Warda, tunda Nuraddeen ya rantse gizo-gizo ba zai kwana gida ɗaya da 'ya'yansa ba. Ranar feshi da ta faɗi a benen nan da gilashi a ƙirji fa? Kai kana can kana lodin kifi, ni ce zan kwasa.

Wallahi na gaji. Daga asibiti in tashi aiki, in bi ta Sa'alaba, in dawo in tarar da nawa gidan. Jiya na same ta zaune a bakin gadonka tana yi wa abar magana, wai "Ci mana, 'yar nan, ko don mai ke." Ummin da ko sunan abar ba ta son faɗa!

Ba ni zan faɗa mata ba. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Kuma kada ka sake rubuto mata wata takarda mai "kamar gobe ne" a ciki, ba zan kai ba. Ko gaskiya, ko ka yi shiru. Halas.

Ina sonka duk da haka, ya ahbal, sakarai kawai.

Yayarka,
Mansura

*

Sa'alaba
26 ga Muharram

Mus'ab,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Wata biyu babu takarda. In na kira sai ka ce kana tuƙi, ko ka ce hanya ba sabis, ranar Sallah ma barka kawai ka yi min ka ajiye. Ban yi fushi ba, ƙarfin fushin ma babu. Amma dole in faɗa maka abin da na aikata, don amanarka ce.

Ran Talata da hantsi na dawo daga magsala. Mun wanke wata baiwar Allah 'yar Sudan, mai jiki, mu biyu kacal, bayana kamar zai tsinke. Na hau benen da ƙyar, ko abayata ban cire ba na leƙa ɗakinka kamar kullum. Sai na tarar da Warda a rigingine a kan saƙar nan da ta shimfiɗa, ƙafafu takwas a sama, ba motsi.

Na ƙwanƙwasa gilashin. Shiru. Na kira ka sau huɗu, ba ka ɗauka ba. Na zauna a bakin gadonka, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka sa ka a jirgi.

Da na share hawaye sai hannuna ya koma ga abin da ya sani. Ka san ni, ba na iya ganin gawa a wulaƙance, ko ta mage ce a titi sai na ja ta gefe na rufe. Na ce wannan ta yi shekara tara a gidana, ba za ta tafi ƙafafu a sama ba. Akwai ragowar yadin likkafani a jakata, na yanki ƙyalle kamar tafin hannu, na jiƙa shi. Na buɗe akwatin, na sa cokali a hankali na kwantar da ita a gefenta na dama. Tsoron duk ya tafi. Na kai yatsa na kama ƙafarta ɗaya ta baya, zan lanƙwasa mata ita jikinta kamar yadda muke haɗa hannun mamaci kafin ya sandare.

Sai ƙafar ta fizge daga yatsana.

Auta, na saki cokalin. Na kira Mansura ina salati, na ce gawa ta motsa. Ta ce in nuna mata a jawwal. Tana gani ta yi ɗan dube-dubenta, sai ta ƙwala min ihu da Larabci da Hausa a haɗe, "La, la, Ummi, cire hannunki! Ba mutuwa ta yi ba, saɓa take yi!" Wai kamar maciji. Wai haka suke kwanciya in za su tuɓe tsohuwar fata, kuma taɓa su a lokacin na iya kashe su. Wai ƙin cin, da baƙin sanƙon, da shimfiɗar, duk shirin saɓa ne. Mai mutuwa a cikinsu a kife take mutuwa, ta tattare ƙafafu a ƙarƙashinta. Ashe wannan ne abin da ka ce za ka faɗa min in lokacinsa ya matso.

Mansura ta baro aiki ta zo. Muka zauna a ƙasa mu biyu. Da kanta Warda ta mirgina ta koma rigingine. Bayan azahar bayanta ya tsage, ta fara zaro kanta, kaɗan-kaɗan, ta huta, ta sake. Na ga haihuwa da yawa, ban taɓa ganin mai haihuwar kanta ba. Ƙafa bakwai suka fito sumul, farare, laushi kamar dafaffiyar taliya. Ta takwas, wadda na kama, ta maƙale a tsohuwar fatar. Ta ja, ta ja, har la'asar. Daga ƙarshe ta bar ta a can. Wani ruwa garai-garai ya ɗan tsattsafo a gurbin, Mansura ta barbaɗa garin masara da tsinken kunne kamar yadda ta karanta, ya tsaya.

Yau kwana tara. Tana da rai. Gashinta ya dawo, ya fi na da kyau, sanƙon ya rufe. Tana shan ruwa. Ba mu ba ta gyare ba tukuna, an ce haƙoranta ba su yi ƙwari ba. Amma in ta tashi tafiya sai ta ɗan karkata, ni kuma in kau da kai.

Shekara talatin ina wannan aiki, mutane na kirana saboda an ce na san gawa. Ban taɓa sa wa mai rai likkafani ba sai ranar. Ka ba ni ita da ƙafa takwas, in ka dawo bakwai za ka tarar. Ka yafe min.

Mahaifiyarka,
Saudatu

*

Haɗeja
28 ga Muharram

Ummi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na karanta takardarki a tashar mota, na koma bayan motar na zauna cikin kwandunan kifi don kada a ga fuskata.

Ba ke za ki nemi yafiya ba. Tun takardarki ta Zulƙida na gane saɓa za ta yi. Layi biyu kawai ya kamata in rubuto, in ta kwanta a bayanta kada ki taɓa. Ban rubuto ba. Kiranki huɗu na ran Talata ina kallonsu suna shigowa, ba tuƙi nake yi ba, ina zaune a ƙofar gidan Baffa. Na kasa ɗauka ne saboda na san in muka yi doguwar magana za ki ce saura shekara kaza da wata kaza, ni kuma in ce in sha Allah. Ƙafar nan ni na cire mata, ba ke ba.

Ummi, babu shekara uku. Ni na ƙirƙira. A tarhil sun ɗauki basmata, na sa hannu a takarda, hanin ba shi da ranar ƙarewa. Da na kira ki na ji yadda kike numfashi, sai bakina ya ce uku. Na ce ki riƙe Warda don ki samu abin da zai tashe ki da safe. Ban yi tunanin zai ɗaure ki a hawa na uku ba, ya hana ki turarenki, ya sa ki sauka bene da gilashi a ƙirji. Wataƙila wata rana a bar ni in zo Umara, kwana goma, in sumbaci kanki in koma. Ban sani ba. Amma zama a Jidda, ɗakina, layinmu, kabarin Abba, wannan halas.

Kada ki damu da ƙafar. In ta sake saɓa, bayan shekara ɗaya ko fiye, sabuwa za ta fito a gurbin. Haka Allah Ya yi su. Ki jira sati ɗaya kafin a ba ta gyare, ƙarami.

Na yi magana da Turki. Zai zo ran Asabar ya ɗauke ta, yana da wuri, ya iya da ita. Na sauke miki amanar, Ummi, na sauke gaba ɗaya. Ki koma wajen Yaya Mansura, ki kunna bakhur ɗinki har maƙwabta su yi tari. Kayana ki bayar, ko ki aiko min da mai zuwa. Ki cire kalandar nan daga bayan ƙofa.

In kin yi fushi da ni kin yi daidai. Ki dai ci gaba da sa min albarka, ita kaɗai na fito da ita daga garin nan.

Ɗanki mai laifi,
Mus'ab

*

Madain Fahd
6 ga Safar

Mus'ab,

Salam. Ka tambaye ni yadda ta ɗauka. Ni na karanta mata, don ta ce idonta ya gaji. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in maimaita wajen basma, na maimaita. Ta tashi ta shiga kicin, na ji ta yage kalandar, ta ninke ta ta shimfiɗa a ƙasan kwandon albasa. Sannan ta ce, "Yaron nan ya rame, daga rubutunsa na gani."

Ran Asabar Turki ya zo da kwalinsa. Ta dama masa kunun gyaɗa, ya sha kofi biyu, ta tambaye shi mamarsa. Da ya miƙe zai shiga ɗakinka sai ta ce, "Ina zuwa?" Ya koma hannu rabbana, miskin.

Ta yarda za ta dawo wajenmu ƙarshen wata. Sharaɗinta ɗaya, ka san shi. Ta kalli Nuraddeen ido cikin ido ta ce, "Ko da ita, ko ba ni." Yanzu haka yana can yana neman kafinta ya sa wa akwatin kwaɗo, yana ta ƙunƙuni. Ba ta ce za ta rubuto maka ba, kada ka matsa mata. Ka dai riƙa ɗaukar waya.

Yayarka

*

Madain Fahd
17 ga Rabi'ul Awwal, bayan shekara

Autana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Baffanka. Akwatunanka biyu na ba Rahamatu mai zuwa Kano, ka je ka karɓa. A aljihun babban akwai gwangwanin alawa, tsohuwar fatar Warda ce a ciki, mai ƙafa takwas ɗin, na naɗe ta a ƙyallen nan.

Jiya da hantsi Warda ta kwanta rigingine. Na rufe ƙofa, na ja kujera, na zauna a kan hannuwana har la'asar.

Takwas. Na ƙirga sau uku, na kira Nuraddeen ya ƙirga. Sabuwar siririya ce kamar tsinken tsintsiya, amma tana taka ta.

Bayaninka na bara na ji shi, na kuma gane, ba sai ka sake ba. Kai ka ce ka sauke. Ni abin da aka ce min shi ne in riƙe ta har ka dawo.

Tana nan. Ina riƙe da ita.

Mahaifiyarka,
Saudatu